Baiwa ko Ƙungiya: Me Ke Gina Matashin Kwatabak a Gasar NFL? Tambayoyi da Amsoshi

Duk shekara a ƙarshen watan Afrilu, ƙungiyoyi 32 na NFL, babbar gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, suna zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, kuma idon jama'a yakan tsaya a kan gurbi guda: kwatabak, mai jefa ƙwallo kuma jagoran hari. Wasu daga cikin waɗanda ake ɗauka da farko sukan zama taurari, wasu kuwa kafin shekara uku an daina jin ɗuriyarsu. Ga tambayoyin da masu bin wasan suka fi yi a kan dalilin haka. Matsayinmu a fili yake: 'yan kaɗan ne baiwarsu ta isa ta fitar da su ko'ina aka kai su, wasu kuma ko'ina aka kai su ba za su yi ba, amma mafi yawa suna tsakiya, kuma makomar waɗannan na tsakiyar tana hannun ƙungiyar da ta ɗauke su.

Mene ne aikin kwatabak har ake ɗora masa nasara da faɗuwa?

Ƙungiyar da ke kai hari tana da 'yan wasa 11 a fili, tana kuma da dama huɗu don ta ci yadi 10. Kafin kowace dama, koci yakan faɗa wa kwatabak dabarar da za a yi ta rediyon da ke cikin hular kwanonsa. Agogon fara wasa daƙiƙa 40 ne, rediyon kuma yana yankewa idan saura daƙiƙa 15. Daga nan sai shi da kansa. Zai isar da kiran ga abokansa goma, ya tsaya bayan ɗan tsakiya mai miƙo masa ƙwallo, ya karanta yadda masu tsaro suka jeru, ya nuna wa 'yan katanga, wato masu kare shi, wanda za su tare, ya sauya dabarar gaba ɗaya idan ya ga ba za ta ɓulle ba.

Da zarar ƙwallo ta shiga hannunsa, yana da kamar daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku. A ciki zai ja baya taku uku, biyar ko bakwai, ya duba mai cafewa na farko, in an rufe shi ya juya ga na biyu, sannan na uku, ya jefa ƙwallon inda mutumin zai isa, ba inda yake tsaye ba. Duk wannan, ƙarti masu nauyin kilo 120 zuwa 140 suna ƙoƙarin kai shi ƙasa. Ba zai iya tare wa kansa ba, ba zai iya cafe jifan kansa ba, amma alƙaluman da sunansa ake rubuta su. Tushen muhawarar ke nan.

Me ya sa mafi hazaƙa suke faɗawa ƙungiyoyi mafi rauni?

Tsarin gasar ne. Ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce ita ke zaɓe na farko, zakara kuma ya zaɓa na ƙarshe. Wanda ya saba da ƙwallon ƙafar Turai ya san yaro mai hazaƙa yakan nufi manyan kulob da kansa. A NFL akasin haka ne, kuma yaron ba shi da ta cewa. Cleveland Browns ta ci wasa 1 tak cikin 32 a kakannin 2016 da 2017 kafin ta ɗauki Baker Mayfield. Cincinnati Bengals ta ci 2 cikin 16 kafin Joe Burrow a 2020. Jacksonville Jaguars ta ci 1 cikin 16 kafin Trevor Lawrence a 2021. Ƙungiyar da ta lalace haka ba kwatabak kaɗai ta rasa ba. Yawanci katangarta a ruɓe take, masu cafewarta ba sa iya kuɓuce wa mai tsaro, kocinta kuma ko sabo ne ko kujerarsa tana rawa.

Da wuya a sami wanda ya ƙi. John Elway ya ƙi buga wa Baltimore Colts a 1983 har aka musanya shi zuwa Denver, Eli Manning kuma ya ƙi San Diego a 2004 aka kai shi New York Giants. Dukansu sun ci Super Bowl, wasan ƙarshe na lashe kofin gasar, sau biyu-biyu a inda suka koma.

Idan an ce "yanayin ƙungiya", me ake nufi takamaimai?

Na farko katanga: mutum biyar da ke tare masu kawo farmaki, musamman na gefen hagu wanda ke kare bayan kwatabak mai jifa da dama. Na biyu mai tsara hari, wato kocin da ke zana dabaru kuma yake kiransu a wasa. Nagari yakan sauƙaƙa wa yaro: ya ba shi jifa gajere da farko don hannunsa ya saki, ya motsa ɗan wasa kafin a fara don a gane ko tsaron mutum-da-mutum ake yi ko tsaron yanki, ya yi yaudarar miƙa ƙwallo ga mai gudu don masu tsaron tsakiya su matso gaba a sami fili a bayansu. Sai masu cafewa, da wasan gudu, da kuma tsaron ƙungiyar kanta, domin wanda kullum ake gaba da shi da maki 14 dole ya yi ta jifa alhali kowa ya san jifa zai yi. A saman duka akwai mai ƙungiya da manaja, waɗanda haƙurinsu ko rashinsa ke yanke ko sauran abubuwan za su ɗore.

Da gaske ne yawan duka yana lalata matashin kwatabak?

Gaskiya ne, kuma misalin da kowa ke kawowa shi ne David Carr. Houston Texans sabuwar ƙungiya ce fil a 2002 lokacin da ta ɗauke shi na farko. Ta yi shirin Tony Boselli ya kare masa gefen hagu, amma ciwon kafaɗa ya hana Boselli buga mata ko wasa ɗaya. A kakar farko an kayar da Carr da ƙwallo a hannu sau 76, adadin da ya kafa tarihi a gasar. A 2005 an sake kayar da shi sau 68. Cikin shekara biyar a Houston jimilla ta kai 249.

Ɓarnar ba a jiki kaɗai take ba. Kwatabak mai lafiya idonsa yana can gaba a kan masu tsaron baya, yana jin matsin da ke kusa da shi ne a jikinsa, ya ɗan matsa taku ɗaya gaba ko gefe ba tare da ya kalla ba. Wanda ya sha duka sai idonsa ya sauko kan 'yan farmaki. Da ido ya sauko, karatun fili ya ƙare. Sai ƙafafu su biyo baya: ya daina taka ƙafar gaba ya miƙa nauyinsa cikin jifa, ya riƙa jifa yana jingine baya, ƙwallon ta tashi sama ta wuce mai cafewa ta faɗa hannun mai tsaro. Daga nan sai ya fara gudu daga aljihun kariya ko da babu mai binsa, ya bar kusurwar da 'yan katangarsa suka tsara, ya faɗa hannun ɗan farmakin gefe da kansa. A Oktoban 2019, a wasan da New England ta doke New York Jets 33 da nema, makirufo ya ɗauki Sam Darnold a benci yana cewa fatalwa yake gani. An yi masa dariya sosai, amma abin da ya kwatanta sananne ne a wurin kociyoyi: ganin farmaki inda babu, da rashin ganinsa inda yake. Waɗannan halaye suna shiga cikin kaka ɗaya, fitar da su kuma yakan ɗauki shekaru, wani lokaci ba sa fita.

To duk kayarwa laifin katanga ne?

A'a, kuma a nan masu ɗora komai a kan ƙungiya suke kuskure. Katanga ce ke da alhakin yadda matsi ke zuwa da wuri. Amma ko matsin zai zama kayarwa, wannan yawanci a hannun kwatabak yake. Idan masu tsaro shida suka kawo farmaki kuma masu tarewa biyar ne, ɗaya babu mai tare shi, kuma aikin kwatabak ne ya gane haka kafin a fara, ya saki ƙwallon nan take ga wanda aka tanada don irin wannan hali. In bai gane ba aka buge shi, a takarda za a ga kamar katanga ce ta gaza.

Dan Marino ba mai gudu ba ne, amma a duk kakar 1988 sau 6 kacal aka kayar da shi, saboda saurin yanke shawara da saurin sakin hannu. Peyton Manning ma haka ya kasance a Indianapolis da Denver, da katanga daban-daban. A ɗaya gefen, matasa masu ƙafa sukan riƙe ƙwallo suna neman babban jifa, saboda a jami'a gudunsu yana fitar da su. An kayar da Justin Fields sau 55 a 2022, Caleb Williams kuma sau 68 a 2024, dukansu a Chicago. Katangar tana da nata laifin, amma duk wanda ya kalli faifan zai ga da yawa sun faru ne bayan daƙiƙa uku ta wuce, lokacin da ya kamata a ce an jefar da ƙwallon waje.

Me ya sa sauya koci yake yi wa yaro illa haka?

Domin kowane mai tsara hari da harshensa yake zuwa. Manyan tsare-tsaren gasar uku ne. Na West Coast yana da dogon kira mai jera tsayuwa, motsi, kariya da hanyar kowa. Na Coryell yana amfani da lambobi wajen hanyoyin masu cafewa. Na Erhardt-Perkins kuma yana dunƙule dabara guda cikin kalma ɗaya. Ba sunaye kaɗai ke sauyawa ba. Yawan takun ja baya, ƙafar da ake farawa da ita, wanda ke kiran kariya tsakanin kwatabak da ɗan tsakiya, da jerin waɗanda za a duba, duk suna iya sauyawa. Shekarar farko yaro yana tunani ne kafin ya yi. A ta biyu yake fara yi ba tare da tunani ba. Idan aka kori kocin, an mayar da shi farko.

Alex Smith, na farko a 2005, ya yi aiki da masu tsara hari bakwai cikin kakanninsa bakwai na farko a San Francisco. A shekararsa ta farko jifan maki, wato jifan da ya kai ƙwallo gidan maki, 1 ya yi, abokan hamayya suka cafe masa 11. Sai a 2011, da koci Jim Harbaugh ya zo, ƙungiyar ta ci 13 cikin 16, shi kuma 5 kawai aka cafe masa. Mayfield ya ga manyan kociyoyi huɗu cikin shekara uku a Cleveland. Mac Jones ya fara da kyau a New England a 2021 ƙarƙashin Josh McDaniels, sai a 2022 aka ba Matt Patricia kiran dabarun hari, mutumin da aka sani da horar da tsaro, wasan Jones ya koma baya, bai kuma farfaɗo a can ba.

Sauyin yana iya zama alheri idan na farkon ne matsalar. Jared Goff ya fara wasa bakwai a 2016 bai ci ko ɗaya ba. A 2017 ƙungiyarsa Rams ta kawo koci Sean McVay, ta ɗauko Andrew Whitworth ya kare gefen hagu, ta ƙaro masu cafewa Robert Woods da Cooper Kupp. Ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe wajen cin maki ta koma ta farko cikin shekara guda, Goff ya yi jifan maki 28, aka cafe masa 7. Lawrence ma haka: jifan maki 12, aka cafe masa 17 a shekarar da aka kori koci Urban Meyer bayan wasa 13, sai 25 da 8 a 2022 ƙarƙashin Doug Pederson. Hannun yaron bai sauya tsakanin Janairu da Satumba ba.

Akwai waɗanda aka yanke ƙauna a kansu suka gyaru a wani wuri?

Suna da yawa, kuma su ne hujja mafi ƙarfi ga masu cewa ƙungiya ce. Steve Young ya ci wasa 3 cikin 19 da ya fara a Tampa Bay. A 1987 koci Bill Walsh ya ɗauke shi zuwa San Francisco, ya zauna bayan Joe Montana, daga baya ya zama gwarzon gasar a 1992 da 1994. Geno Smith ya yi shekaru a benci bayan Jets, sai a 2022 a Seattle ya fi kowa a gasar kason jifan da ke isa hannu. Darnold ya ci 13 ya faɗi 25 a Jets. Ya yi 2023 a benci a San Francisco yana koyon tsarin Kyle Shanahan, a 2024 kuma a Minnesota, da Kevin O'Connell a matsayin koci da Justin Jefferson yana cafe masa, ya yi jifan maki 35, ƙungiyar ta ci 14 cikin 17. Mayfield da Darnold duk suna Carolina a 2022, babu wanda ya yi abin a zo a gani a cikinsu. Shekara biyu bayan haka Mayfield ya yi jifan maki 41 a Tampa Bay.

Sai dai a lura da abu biyu. Waɗannan mutane sun yi fice ne bayan shekaru biyar ko fiye na gogewa, saboda haka ba ƙungiya kaɗai ta sauya ba, su ma sun girma. Sannan tsohon rauni yakan leƙo idan tsarin ya karye: a wasan sili-ɗaya-ƙwale na kakar 2024, Rams ta kayar da Darnold sau 9.

Ashe ke nan baiwa ba ta da wani tasiri?

Tana da shi ƙwarai, kuma akwai hanyoyi biyu na ganinsa. Ta farko, waɗanda suka shiga kango suka ɗaga shi. Andrew Luck ya tarar da Indianapolis ta ci 2 cikin 16, a shekararsa ta farko, 2012, ta ci 11. Burrow ya tsinke jijiyar gwiwa a Nuwamban 2020, ya dawo a 2021 aka kayar da shi sau 51, fiye da kowa a gasar, amma shi ne ya fi kowa kason jifan da ke isa hannu. A wasan sili-ɗaya-ƙwale da Tennessee an kai shi ƙasa sau 9 kuma ya ci wasan, ya wuce har Super Bowl. Irin dukan da ya sauke idon Carr bai sauke nasa ba. Amma ko waɗannan suna biyan farashi: Luck ya ji rauni a ƙoda a 2015, ciwon kafaɗa ya hana shi duk kakar 2017, ya yi ritaya a Agustan 2019 yana ɗan shekara 29. Baiwarsa ta rinjayi raunin ƙungiyar, jikinsa ne ya kasa ɗauka.

Hanya ta biyu ta fi gamsarwa: mutum biyu a ƙungiya ɗaya. San Francisco ta ba da zaɓuɓɓukan zagayen farko don ta haura ta ɗauki Trey Lance na 3 a 2021. Shekara guda bayan haka ta ɗauki Brock Purdy na 262, na ƙarshe a duk zaɓen. Koci ɗaya, katanga ɗaya, masu cafewa ɗaya. Lance ya fara wasa huɗu kawai, ya karye a idon sawu a 2022, aka sayar da shi ga Dallas. Purdy ya kai ƙungiyar Super Bowl a kakar 2023. Rauni ya cuci Lance, amma akwai wani bambanci tun asali: wasa 17 kawai ya fara a North Dakota State, Purdy kuwa ya fara sama da 40 a Iowa State. Haka kuma Rams ta musanya Goff da Matthew Stafford a 2021. Stafford ya yi shekara 12 a Detroit bai ci wasan sili-ɗaya-ƙwale ko ɗaya ba, a shekararsa ta farko da McVay ya ɗauki kofi. Wannan labari guda yana tabbatar da ɓangarorin biyu: Stafford ya buƙaci ƙungiya, ƙungiyar kuma ta buƙaci hannun da ya fi na Goff.

Wace irin baiwa ce ta fi muhimmanci, kuma me ake iya koyarwa?

Ƙarfin hannu da tsayi su suka fi jan idon masu farautar 'yan wasa, kuma su suka fi yaudara. JaMarcus Russell yana da hannun da ba a cika ganin irinsa ba, Oakland ta ɗauke shi na farko a 2007, ta sallame shi a 2010. Tom Brady na 199 ne a 2000, ya ci Super Bowl bakwai. Abin da ya fi wuyar aunawa shi ya fi amfani: saurin fahimtar abin da masu tsaro suka koma bayan an fara, jifa kafin mai cafewa ya juyo, da jure zaman kallon faifai na sa'o'i. Dalilin wuyar aunawar shi ne wasan jami'a daban yake. Layukan tsakiya inda ake ajiye ƙwallo suna da ratar ƙafa 40 a jami'a, a NFL kuwa ƙafa 18 da rabi, saboda haka a jami'a gefe ɗaya yakan yi faɗi sosai, masu cafewa su sami sarari. A jami'a 'yan katanga suna iya shiga gaba yadi uku a dabarar da ke haɗa gudu da jifa, a NFL yadi ɗaya ne. Yaro yana iya cika alƙaluma a can ba tare da ya taɓa duba mutum na uku ba.

An daɗe ana cewa saiti ba ya koyuwa, sai Josh Allen ya zo. Kashi 52.8 na jifansa ya isa hannu a 2018, 58.8 a 2019, 69.2 a 2020. Ya gyara takunsa da jujjuyawar ƙugunsa a lokutan hutu. Buffalo kuma ta bar masa mai tsara hari guda, Brian Daboll, shekara huɗu, ta sake gina katanga a 2019, ta sayo mai cafewa Stefon Diggs a 2020. Bayan an sayar da Diggs a 2024, a kakar ce Allen ya zama gwarzon gasar. Taimakon ya kai shi inda ya daina dogara da shi. Amma kada a ɗauki Allen a matsayin ƙa'ida. Ƙungiyoyi da dama sun ɗauki dogo mai hannu marar saiti suna fatan irin haka, ba su samu ba.

Baltimore ta bi wata hanya da Lamar Jackson, na 32 a 2018. Maimakon ta tilasta masa tsarin tsohon kwatabak ɗinta Joe Flacco, ta rushe harin ta gina sabo a kan gudunsa ƙarƙashin Greg Roman. A 2019 ya yi gudun yadi 1,206, ya yi jifan maki 36, aka zaɓe shi gwarzo ba tare da ƙuri'a ɗaya ta kauce ba.

Ya fi kyau ya zauna a benci tukuna, ko a saka shi nan take?

Duka biyun suna da shaidu. Aaron Rodgers ya yi shekara uku bayan Brett Favre, a lokacin aka gyara masa yadda yake riƙe ƙwallo can sama kusa da kunne tun jami'a. Jordan Love ma shekara uku ya yi bayan Rodgers. Peyton Manning kuwa ya fara tun wasan farko a 1998, aka cafe masa jifa 28, ƙungiyar ta ci 3 kawai, shekara mai zuwa ta ci 13. Troy Aikman ya faɗi duk wasanni 11 da ya fara a 1989, daga baya ya ci Super Bowl uku.

Benci ba makaranta ba ne da kansa. A tsakiyar kaka kusan duk atisayen 'yan farko na wanda zai buga ne, na benci kuma yakan kwaikwayi kwatabak ɗin abokan hamayya don masu tsaro su gwada. Sai an ware masa koci da lokaci yake amfana. Shawararmu ita ce a saka shi idan abu uku sun cika: ya iya kiran kariya ya gane ɗan farmakin da babu mai tare shi, katangar tana iya ba shi daƙiƙa biyu da rabi a yawancin dama, kuma kocin yana da tabbacin zai ga shekara mai zuwa. Manning ya sami mai tsara hari guda, Tom Moore, sama da shekara goma, shi ya sa kurakuransa na farko suka zama darasi. Idan biyu daga cikin ukun babu, a bar tsohon hannu ya riƙe.

Da Chicago ce ta ɗauki Patrick Mahomes a 2017, zai zama Mahomes?

Chicago ta ɗauki Mitchell Trubisky na 2. Kansas City, wadda ta ci 12 cikin 16 a kakar da ta gabata, ta haura daga na 27 zuwa na 10 ta ɗauki Mahomes. Ya tarar da koci Andy Reid, da masu cafewa Travis Kelce da Tyreek Hill, ya zauna shekara guda bayan Alex Smith, a 2018 ya yi jifan maki 50. A ganinmu zai yi fice a Chicago ma, domin jifan da yake yi bayan dabara ta rushe babu kocin da ya zana shi. Amma ba da wannan saurin ba, kuma da wuya da wannan yawan kofuna. Ko shi ma yana da iyaka: a Super Bowl na Fabrairun 2021, manyan masu kare masa gefe biyu duk suna jinya, Tampa Bay ta doke su 31 da 9, Kansas City ba ta kai ƙwallo gidan maki ko sau ɗaya ba.

Ina kuɗi ya shigo cikin wannan magana?

Kowace ƙungiya tana da iyakar albashi, dala miliyan 255.4 a 2024. Tun yarjejeniyar 2011 an ƙayyade albashin sababbi: kwantiragin shekara huɗu, da damar ƙara ta biyar ga 'yan zagayen farko. Sam Bradford ya sa hannu a kan dala miliyan 78 a 2010, Cam Newton kuwa kusan miliyan 22 a 2011, alhali duk na farko ne. Tunda tsohon kwatabak kamar Dak Prescott yana karɓar miliyan 60 a shekara, mai matashi tana da rarar da za ta sayi katanga da masu cafewa. Seattle ta ci Super Bowl a Fabrairun 2014 lokacin da albashin Russell Wilson bai kai dala miliyan ɗaya ba. Illar tsarin ita ce watsar da yaro ya yi arha. Arizona ta ɗauki Josh Rosen na 10 a 2018, ta kori mai tsara harinsa a tsakiyar kaka, ta kori babban koci a ƙarshenta, ta sayar da shi ta ɗauki Kyler Murray.

Yaushe ya dace a yanke hukunci, kuma me mai kallo zai duba?

Shekara ɗaya ba ta isa ba, ko ta yi kyau ko ta ɓaci. A 2023 C.J. Stroud ya yi jifan maki 23 aka cafe masa 5 a Houston, Bryce Young kuwa aka kayar da shi sau 62 a Carolina wadda ta kori kocinta bayan wasa 11. A 2024 katangar Houston ta yi rauni, aka kayar da Stroud sau 52, aka cafe masa 12. San Diego ta kawo Philip Rivers a 2004 saboda ta gaji da Drew Brees, a kakar ce kuma Brees ya buɗe. Ƙungiyoyi da kansu sai bayan kaka ta uku suke yanke shawara a kan shekara ta biyar.

Kafin nan, a raba abin da ke nasa da abin da ke na wasu. A duba jifansa lokacin da babu matsi, domin a nan babu wanda zai ɗora wa laifi. A duba sau nawa matsi ke zama kayarwa, da ko idonsa yana tsayawa gaba idan aljihun ya matse. A raba yadin da ƙwallo ta yi a iska da wanda mai cafewa ya ƙara da ƙafarsa. A kalli dama ta uku idan saura yadi bakwai ko fiye, inda yaudarar gudu ba ta aiki kuma masu tsaro sun san jifa ne. Jifan da aka cafe ma iri-iri ne: wanda ya taɓa hannun abokinsa ya tashi daban, wanda ya jefa wa mai tsaron da bai gani ba daban. Idan irin na biyun ya faru a Satumba, a jira Disamba a ga ko salon tsaro iri ɗaya ya sake ruɗa shi.